Makon da Na Ɓoye wa Malam Littafi

Da sallar da ta wuce na ji ku a tsakar gida kuna ba 'ya'yanku labarin yadda Babanku ya haddace littafin Sifaniyanci cikin wata huɗu, kuna cewa su yi koyi da kakansu. Ban tanka ba, don akwai surukai a wurin. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce sai na rubuta shi tun ina da sauran ido. Hadda kam ya yi ta, ba mai ƙwace masa wannan. Abin da ba ku sani ba, haddar nan ce ta kusa dawo da mu Haɗeja hannu rabbana. Yana nan zaune a kan buzunsa nake rubutun nan, na kuma gaya masa in ya ga ƙarya ya musa. Ya ce in rubuta, shi dai kada in rage komai, har da abin da ya gaya mini ranar Larabar nan.

Shekararmu ta huɗu ke nan a Alƙahira. Ku shida kuna gida, manya sun yi aure, ƙananan suna hannun Yayarku. Mu biyu ne a wani ɗan gida a hawa na huɗu a unguwar Ainu Shams, ɗaki biyu da kicin ɗin da in na juya sai na bugi tukunya. Malam yana da shekara hamsin da uku, yana neman digirinsa na ƙarshe. Ni kuwa na ajiye alli bayan shekara ashirin da ɗaya ina fama da 'yan aji ɗaya, na bi shi, na koma dafa wa ɗalibanmu na Najeriya tuwo da miyar kuka, ranar Juma'a kuma waina. Aikin Malam a kan wani tsohon littafi ne da ya gada wurin kakansa, rubutun hannu, wanda wani malamin Andalus, wato Sifaniyar zamanin da, ya wallafa kan hukuncin rabon ruwa tsakanin masu lambu. Gara ta cinye ƙarshensa tun kafin a haife ni. Cikakken kwafi ɗaya aka sani, yana wani ɗakin ajiyar littattafai a Sifaniya, kuma don tsufa ba su yarda a ɗauki hotonsa ba, sai dai mutum ya je ya zauna ya kwafa da hannu. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ba zai sa hannu ba sai an cike gurbin nan. Wata gidauniya ta yarda ta kai shi ya yi wata biyu, da sharaɗi ɗaya: ya kawo takardar shaidar cewa ya ci jarrabawar matakin farko na harshen ƙasar. Sau biyu ake yin ta a shekara. In ya faɗi wannan, kafin ta gaba an ba wani kujerar, tallafin karatunsa ya ƙare, hutun da kwalejinsa ta ba shi ya ƙare. Mu tattara shekara huɗu mu zuba a akwati mu dawo ke nan.

Sau uku a mako yake shiga metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya tafi Giza ɗaukar darasi, cikin samari da 'yan matan Masar masu son aikin jagorar baƙi. Shi kaɗai ne mai furfura, suna ce masa Ammu Shaikh, wato Baffa Shehu. Kun san Babanku hanya ɗaya ya sani ta karatu, wadda ta kai shi haddar Alƙur'ani yana ɗan sha uku. Bayan asuba ya ɗora sabon darasi, bayan la'asar ya yi tilawar tsoho, ni kuma in riƙe masa littafi ina bi da yatsa, yadda na saba riƙe masa Alƙur'ani tun muna amarci. Karatun bai ba ni wuya ba, don yawancinsa yadda aka rubuta haka ake faɗa, kusan kamar bokonmu na Hausa. Ranar da aka kai su juya aikatau, ni da kai da shi, mu da ku da su, da murna ya dawo, wai ashe su ma suna da sarafi irin na Larabci. Ya zauna ya ƙulla jadawalin nan duka a waƙe, da kalmomin da ke maza da waɗanda ke mata, da ƙirga, da launuka, da ranakun mako, yana rera su da muryar makarantar allo. Mai gadin gidanmu ya ɗauka wani zikiri ne na ƙasarmu, har ya tare shi a matakala ya ce ya sa shi a ciki, ƙafa tana damunsa.

Saura kwana tara jarrabawa, ranar wata Talata, muna bitar darasi na huɗu, na iyali. An ɗauke wuta, zafi ya ishe ni, ga miya tana neman kamawa. Na kife littafin na shiga kicin. Don kada ya zauna shiru sai na jefo masa tambaya daga can, da ka, don wata huɗun nan abin ya shiga kaina ni ma ban sani ba. Na tambaye shi da Sifaniyanci 'ya'yansa nawa. Ya amsa tiryan-tiryan, wai biyu, namiji da mace, Pablo da Lusiya. Na leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, biyu? Ina ka kai nawa shidan?"

"Haka yake a littafi," ya ce.

To, littafin nan daga farkonsa zuwa ƙarshe labarin wani Migel ne, injiniya a Madrid. Na shiga jefo masa tambayoyi ina juya miya. Shekararsa nawa, talatin da biyar. Matarsa, doguwa ce mai farin gashi, tana aiki a asibiti. Da na kai shi darasin gidan abinci kuwa, mutumin da ko lemon kwalba sai ya karanta bayansa kafin ya sha, ya natsu ya nemi a kawo masa naman alade da kofin giya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na tsagaita na ce to mun ji na Migel, yanzu ya gaya mini nasa, sunansa da garinsu da aikinsa. Leɓɓansa suna motsi, na gane yana gudu ne daga saman shafi yana neman inda aka rubuta Haɗeja. Fuskar nan na san ta. Ita ce ta ɗan aji ɗaya da zai rera maka allo duka da ƙarfi, ka ɗora sanda kan harafi ɗaya a tsakiya ya tsaya yana kallonka. Nan take dariyar ta ɗauke.

Ba rashin fahimta ba ne, kowace kalma ya san ma'anarta. Shi dai a wurinsa littafin karatu matani ne, matani kuwa ba a taɓa shi. Ya ce tun yana yaro aka dake shi a kan ƙara wasali ɗaya, yanzu da furfurarsa ba zai cire biyu ya sa shida a maganar da ba tasa ba, shi mai ɗauko karatu ne, yadda ya karɓa haka zai mayar. Jarrabawar baki ma ya ɗauka irin ta musabaƙa ce, za a ba shi farkon layi ya ɗora. Na zaro takardar bayanin jarrabawar da ya cusa a bayan littafin bai ko duba ba, don da Turanci take. Na karanta masa ina fassarawa: minti goma sha biyar, mutum ya yi magana a kan kansa da gidansa da garinsu, a nuna masa hoto ya faɗi abin da ya gani, kuma wanda ya faɗi ɓangaren baki ya faɗi duka ko da ya cinye na rubutu. Ya ce ai malamarsu ba ta taɓa kuka da shi ba. Yo ina za ta yi? Su talatin ne a aji, in ta ce a karanta hira sai ya rufe littafi ya zubo ta da ka, yara su yi ta tafi. Ya miƙo mini littafin ya ce mu ci gaba, darasi na biyar.

Na kwana da abin a raina. Washegari da ya fita ɗakin karatu, na naɗe littafin a cikin hijabi na hau hawa na biyar wurin Hajja Sakina. Ita 'yar Sudan ce, amma kakanninta daga Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka suka tsaya a hanya, Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, rabi Larabci. Ta girme ni, ita ce uwata a garin nan. Na zayyana mata komai. Ta ce ita a saninta matar malami tana iya ɓoye masa takalmi ko hula, amma littafi ba ta taɓa ji ba. Na ce ni ma ban taɓa ji ba. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin kwanon lallenta.

"Zulai, in ya tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Zan ce amana aka ba ni. In ga malamin da zai ce in ci amana."

Da la'asar ya shimfiɗa buzu ya laluba bai gani ba. Ban bari ya wahala ba, na ce ni na ɗauke, kuma ba zai gan shi ba sai bayan jarrabawa. Na ce daga yau ni zan yi masa bita, irin tawa. Da fari ya ɗauka wasa ne. Da ya ga da gaske nake, fuskarsa ta canza yadda ban taɓa gani ba cikin shekara talatin. Ya ce in ɓoye mana, ai littafin yana kansa. Na ce abin da ke damuna ke nan. Ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke da kika tsaya a takardar koyar da firamare, ke za ki nuna mini yadda ake karatu?"

Wallahi ta yi mini ciwo. Ba don ƙarya ba ce, gaskiya ce, a nan na tsaya, kuma shi ya fi kowa sanin dalili, don cikin ɗayanku ne ya hana ni komawa. Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Amma ban hau na karɓo littafin ba. Kun san ni da taurin kai, daga wurina wasunku suka samo.

Alhamis da Juma'a Malam bai ce mini kanzil ba sai sallama. Tuwona ma ya ƙaurace masa, ya koma cin ful da ta'amiyya, dafaffen wake da ƙosan Misirawa, a bakin titi, mutumin da wake ke hana shi sakat. Ya hau wurin Hajja Sakina, don ya san can kaɗai zan kai littafin, ta ce masa amana ce, ya sauko yana huci. Yana zama a kan buzu ya yi tilawar Migel da ka, da ƙarfi, don in ji. Ni kuma na aika wa ɗalibai cewa na rufe kicin sai bayan mako guda, don in ya sauko ya same ni a shirye. Wasu suka koma wurin wata mata a unguwar Faisal, akwai waɗanda ba su sake dawowa ba har muka bar ƙasar. Wannan bai dame ni ba kamar tsoron da ke cina. In da na bar shi da littafinsa ya faɗi, ƙaddara ce. Yanzu kuwa in ya faɗi, ni ce, har ƙarshen rayuwarmu, kuma kwana biyu sun riga sun tafi a banza.

Ranar Asabar ya je darasin ƙarshe. Ya dawo kafin la'asar, ya zauna a kan kujera ko hula bai cire ba. Na kawo ruwa na ajiye zan juya, ya ce in zauna. Wai a metro, a hanyar dawowa, wasu tsofaffin mata biyu baƙi suka zauna kusa da shi da taswira a hannu, suna magana da Sifaniyanci. Ya saurara ya ji yana gane komai. Tsofaffin majami'un nan na kudancin gari suke nema, jirgin kuwa arewa yake yi da su, wajen unguwarmu. Abin da za a gaya musu kaɗan ne: su sauka, su tsallaka ɗaya gefen, su koma. Duk kalmomin ya san su. Ya yi musu gaisuwa, suka yi murna kamar sun ga ɗan'uwa, suka nuna masa taswira. Ya buɗe baki, sai darasi na tara ya zubo: ku miƙe, ku juya hagu, kantin magani yana kusa da banki. Suka yi ta godiya, suka sauka a tasha ta gaba. Ta taga ya hango su sun hau matakala sun fita titi, cikin ranar nan, a unguwar da ba su san kowa ba.

"Na ɓatar da baƙi, Zulai. Tsofaffi. Da na yi shiru ma da ya fi musu."

Na so in yi dariya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Jarrabawa ba ta girgiza shi ba, wannan ce ta girgiza shi. Na ce ma'alish, ba komai, Misirawa ba sa barin baƙo a titi, yanzu haka mutum goma suna gardamar wanda zai raka su. Ya daɗe yana juya kofin a hannu, sannan ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, ni yaya nake yi da yaran nan masu rera allo.

Saura kwana biyar. Na ce dokata uku ce. Ba Hausa ba Larabci a gidan nan daga karin kumallo zuwa isha'i sai abin da ya shafi salla. Duk abin da yake so, ko ruwa ne, sai ya roƙa da Sifaniyanci. Kuma duk amsar da zai ba ni ta zama gaskiya, in ya sake kawo mini Migel zan tashi. Ta ukun nan ce ta kama shi, don na ce masa ba matani nake so ya taɓa ba, tambayarsa nake, amsar Migel a bakinsa kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ya ce wannan hujja ce. Jimlarsa ta farko ta ɗauke shi kusan minti biyu, yana gumi kamar mai faskare: sunana Habibu, ni ɗan Najeriya ne, ina da 'ya'ya shida. Na tafa masa yadda nake tafa wa 'yan aji ɗaya, ya harare ni, amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Daga nan fa gida ya zama aji. Na ɗaga cokali ya faɗi sunansa da launinsa da inda yake. Na juya hannun agogon bango ya faɗi lokaci, har muka kusa makara sallar azahar don mun manta mu mayar da shi. Na ja shi kasuwar unguwa, abin da bai taɓa yi ba, ina nuna tumatir da albasa da kifi yana faɗa, 'yan kasuwa suna tambayata ko Shaikh lafiya. Ni ba na jin kunyar kuskure, haka na koyi Larabcin Masar a bakin masu kayan miya alhali shi da Larabcinsa na littafi direbobi suna ce masa sadaƙallahul azim kamar ya gama karatun Alƙur'ani. Sai in kwaɓa jimla yadda ta zo mini, shi kuma ba ya iya jure jin aikatau a karkace, sai ya gyara mini daga waƙensa, garin gyarawa ya yi magana bai sani ba. Da na gane haka sai na riƙa kwaɓawa da gangan. Hajja Sakina ta sauko ta zauna a kujera da tabarau a matsayin hoton jarrabawa. Malam ya dube ta ya ce ga wata mata, tsohuwa ce, tana da ƙiba, rigarta kore. Ta matsa sai an fassara mata. Na ce ya ce kyakkyawa ce. Malam ya karya doka ya ce da Hausa shi bai faɗi haka ba, ta kuwa bi shi da mafici har ƙofar ɗaki.

Abin da ban zata ba shi ne darasi na bakwai, na abin da mutum yake so da wanda ba ya so. Ku ku saba da irin wannan hira, mu a zamaninmu wa zai zauna ya tambayi mijinsa launin da ya fi so? Amma jarrabawa ta ce a tambaya, doka kuma ta ce sai gaskiya. A nan na ji Malam shuɗi yake so, ni kuwa shekara talatin ina ɗinka masa fari. A nan na ji ba ya son mulukiyya, miyar ganyen nan ta Misirawa da na koya don in burge shi, yana ci shekara uku bai ce uffan ba. Na ce me ya sa, ya lalubo kalmomi daƙyar ya ce don matarsa tana farin ciki in ta dafa. Na tambaye shi abin da yake so ya yi ranar hutu, ina jiran ya ce karatu, sai ya ce yana son kama kifi a kogin garinsu, amma malami ba ya zuwa kogi da ƙugiya. Shi ma ya juyo da tambayoyin kaina, don a jarrabawar ana so ɗalibi ya iya tambaya. Na ce ina son ruwan sama, ina son rediyo, ina kewar ajina. Ya maimaita ta ƙarshen a hankali kamar mai duba ko ya ji daidai. Da ɗan harshen nan da bai fi na yaron goye ba muka yi hirar da ba mu taɓa yi da Hausa ba. Kwana biyar ɗin nan suna cikin mafi daɗin kwanakin aurena, na faɗa kuma yana ji.

Ranar Alhamis na ce sai na raka shi. Muka shiga metro tun da sassafe, ni a taragon mata shi a na maza, muka sauya jirgi a tsakiyar gari muka sauka Giza. A bakin ƙofa na gyara masa hula na ce in ya ji Migel yana tasowa ya haɗiye shi. Na zauna a inuwar wata bishiya tare da iyayen yaran, wata ta tambaye ni ɗana ne ko 'yata ke ciki, na ce mijina ne, ta ce masha Allah ta matsa mini gurasa. Awa huɗu ina ja da carbi. Da ya fito na kasa karanta fuskarsa. Ya ce na rubutu kamar shan ruwa. Na baki kuwa, wata Basifaniya ce da wani mutum mai rubutawa. Ta tambaye shi garinsu, ya ce akwai kogi, akwai kifi, akwai zafi, mutane suna noman shinkafa. Ta nuna masa hoton tashar jirgi, harshensa ya sarƙe, sannan ya ce mata da Sifaniyanci ta yi haƙuri, shi tsoho ne, a hankali yake tafiya. Ta yi dariya ta ce ya ɗauki lokacinsa.

"Na yi kuskure ya fi ashirin," ya ce mini. "Amma duk abin da na faɗa gaskiya ne."

Na ce khalas, shi ke nan, saura na Allah. Muka sayi ruwan rake muka sha a tsaye a bakin titi kamar yara. Da muka koma Hajja Sakina ta sauko da littafin, duk ya yi warin lalle, ta ce ta sauke amana.

Mako shida muka yi muna jira, kuma ba zan ce muku na yi barci mai daɗi ba. Tafiyarsa Sifaniya da shafukan da ya kwafo da hannunsa duk kun sani, kun ga hotuna. Ranar da takardar ta fito ce ba ku sani ba. Wata Asabar ce, na ɗaga wainar Juma'a zuwa ranar saboda ɗalibai sun yi jarrabawa, falo cike da su, manyan mutane masu iyali, rabinsu suna ɗaukar karatu a wurin Malam. Ya fita tun safe bai ce mini ga inda za shi ba. Ina tsugune gaban tanda na ji sallamarsa, na ji ɗalibai suna mimmiƙewa. Na ɗago. Malam ne a ƙofar kicin, da babbar rigarsa, ya durƙusa gwiwa biyu a kan tayil ɗin da duk ya yi maiƙo. Ya ajiye takarda a gabana, ya ɗora ƙullin goro a kai, goron da sai an je wurin 'yan Sudan ake samu. Haka ɗalibi yake yi a zaure in ya kai ƙarshen littafi, na gani sau ɗari ana yi masa.

"Allah gafarta Malam," ya ce, yadda kowa zai ji. "Ɗalibi ya sauke. A sa mana albarka."

Na goge hannu a zane na ɗauki takardar. Na rubutu ya kusa cinyewa duka. Na baki kuwa da ɗan kaɗan ya haye, amma ya haye. Waina tana ƙonewa a bayana ina jin ƙauri, ban waiga ba. Na ɗaga hannu na yi masa addu'ar da nake ji yana yi wa ɗalibansa, Allah ya sa albarka, Allah ya sa mai amfani ne, Allah ya buɗa gaba. Mutanen falo suka amsa da amin, shi ma yana amsawa, kansa a ƙasa. Na shafa, suka shafa.

Bai tashi ba sai da na ce ya tashi.